Daga Tasar Tagulla zuwa Garwar Kananzir

Ranar hawan Sallah a ƙofar Sarkin Katsina na Maraɗi, ko a ƙofar Sarkin Gobir can Tsibiri, ido ke fara ganin kakaki kafin kunne ya ji shi. Bututu ne siriri, ya fi mai busa shi tsawo nesa ba kusa ba, an ɗaga shi ya wuce rawunan mahaya. Sai kumatu su cika, murya ta fito. Biyu ce tak, ta ƙasa da ta sama, amma da su ake kiran taken sarki, domin harshenmu ma a kan hawa da sauka yake tafiya, kuma wanda kunnensa ya saba kalmomi yake ji, ba ƙara ba. Mutane kan kalli abin su ɗauka tun zamanin Sarkin Katsina Ɗan Kasawa yake a fada. Ikon busa shi ne ya daɗe haka. Ƙarfen kansa, in ka matsa kusa ka duba, ba lallai ne ya girmi mutumin da ke riƙe da shi ba.

Asalin kakaki ya girmi Maraɗi da Tsibiri duka. Tarihin Kano ya jingina shigarsa fada ga Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, kuma danginsa na nan har gobe a ƙetaren hamada: a Maroko akwai nafir, dogo miƙaƙƙe irinsa, da ake busawa cikin azumi don tada mutane sahur. Da jihadi ya ci Birnin Katsina a 1807, ya ci Alƙalawa ta Gobir a 1808, sarakunan da aka kora suka yi arewa, ba gari ba ganuwa. Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi wajen 1819. Gobirawa kuwa sai bayan yaƙin Gawakuke a 1836, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karya rundunarsu, Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda suka kwanta dama a fage guda, sannan sarkinsu Mayaƙi ya kafa Tsibiri. To, sarkin da ya rasa birninsa, me ya rage masa da zai nuna har yanzu shi sarki ne? Tambari da kakaki. Ba kowa ake busa wa ba. Hakimi komai dukiyarsa sai ya haƙura da algaita da ganga, in ba sarki ne ya yarje masa ba. Saboda haka duk lokacin da aka ɗaga kakaki a bakin Gulbin Maraɗi, saƙo ne ga waɗanda ke zaune a tsohon birni cewa sarautar ƙaura ta yi, ba mutuwa ba. Su ma can ɗin, duk da abin da malaman jihadi suka rubuta a kan kiɗan fada, ba a jima ba suka ga sarauta ba ta yiwuwa shiru.

Ƙera kakaki aikin maƙeran fari ne, masu azurfa da tagulla, ba maƙeran baƙi masu garma da gatari ba. Jan ƙarfe dai an taɓa haƙo shi a ƙasar nan, a Takedda ta yankin Ayar, inda Ibn Battuta ya sauka a 1353 ya ba da labarinsa. Amma tagulla mai ruwan ɗorawa, wadda aka gauraya jan ƙarfe da tutiya, baƙuwa ce. Ayari ke ketowa da ita hamada, sanduna da tasoshi, daga baya ta riƙa biyo teku daga masana'antun Ingila. Maƙeri ba shi da injin da zai murje masa faranti, don haka tasa ce farantinsa. Ya yanka ta, ya sa a wuta ta yi ja, ya bari ta huce, ya shimfiɗa bisa uwar maƙera ya dinga bi da masaba. Tagulla na da hali: in ta sha duka sai ta yi tauri, in aka matsa mata ta tsage. Dole a mayar da ita wuta ta sake laushi, a koma duka, a sake mayarwa, har ta yi falan-falan. Daga nan ya yanka ta ƙyalle-ƙyalle, kowanne siriri a kai ɗaya, mai ɗan faɗi a ɗayan, ya naɗe bisa sandar ƙarfe, ya haɗa leɓɓan ya bi su da dalma da sinadari. Guntu-guntu ake yi, a cusa bakin wannan cikin wancan, a rufe mahaɗar da zobe ko ƙulli mai kumburi. Jama'a na ɗauka ado ne, alhali shi ke hana doguwar sandar karyewa a gaɓa. In an gama, kakaki kan rabu biyu ko uku don sauƙin ɗauka, mai busa ya harhaɗa abinsa in sarki ya kusa fitowa.

Babu rami ko ɗaya a jikinsa, babu abin dannawa. Leɓɓan mai busa ne ke karkarwa a ɗan bakin, iskar da ke cikin bututun ta amsa. Tsawon bututun da yadda yake buɗewa sannu-sannu su ke yanke irin muryar da za a samu. Don haka gwanintar maƙeri tana inda ido ba ya kaiwa: ɗinkin da ba ya yoyo, da cikin da ba shi da tudu. Hudar allura guda ta isa ta shaƙe muryar ƙasa.

Sai ga gyaɗa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA suka bazu da kantuna har Maraɗi, kaya suka riƙa shigowa a madadin buhunan da ke fita. Cikin kayan akwai kananzir a garwa mai kusurwa huɗu, mai cin galan huɗu. Da wuya a samu abin da Bature ya kawo wanda talaka ya ci moriyarsa kamar fankon garwar nan. Ɗan ga-ruwa ya rataya biyu a sanda, an yi aci-bal-bal da ita, an yi mazurari, an fasa ta an lulluɓe ƙyauren ɗaki. Maƙeri kuwa ya samu a sama abin da kakanninsa ke wuni suna duka kafin su samu, wato faranti shimfiɗaɗɗe mai kauri ɗaya ko'ina. Baƙin ƙarfe ne siriri da aka shafa wa kuza. Dalma na kama shi nan take, almakashi na yanka shi, ga shi sakayau a hannun mai ɗaga mita biyu da wani abu sama. Aibinsa tsatsa. Yawun mai busa da laimar damina su taru a ɗinki, bayan ƴan shekaru ya ruɓe, a je a yo sabo. Na sha jin dattawa na cewa kakakin tagulla ya fi kaurin murya, kuma ba zan yi musu da kunnen da ya ji duka biyu ba. Amma a ganina garwa ba ta ci mutuncin kakaki ba, rufa masa asiri ta yi. Tagulla ta yi tsada, tasoshin suka koma na enamel masu fenti da ba su ƙeruwa, amma fada ba ta taɓa yin shiru don rashin ƙarfe ba.

Wani bututun kuma tare da sojan Faransa ya shigo. Na farko bigila ce, wadda a gaskiya ƙanwar kakaki ce da aka naɗe: ba rami, ba madanni, muryoyi huɗu ko biyar, da su ake tada bariki daga barci, a kira abinci, a sauke tuta. Bayanta badujala ta zo da kayan da suka fi haka wayo, cikinsu har da wanda Faransawa ke kira korne mai fistin. Matsalar da ya zo warwarewa ita ce ta kakaki da bigila. Bututu mai tsawo ɗaya muryoyinsa ƙidayayyu ne, da giɓi a tsakaninsu, kuma ba ka cike giɓin sai ka canza tsawon bututun cikin ƙiftawar ido. A 1818 wasu Jamusawa biyu, Heinrich Stölzel da Friedrich Blühmel, suka yi rajistar dabarar a Berlin: a dasa ƴan lanƙwasassun bututai a gefe, a sa maɓallin da zai karkatar da iska ta bi ta cikinsu kafin ta dawo hanya. Wajen 1830 maƙeran Paris suka ɗora wannan a kan ɗan ƙahon da masu keken dokin wasiƙu ke busawa, korne ya samu. François Périnet ya gyara fistin ɗin wajen 1839 zuwa siffar da ake aiki da ita har yau. Uku ne. Na farko na sauke murya taki guda, na biyu rabin taki, na uku taki ɗaya da rabi, in aka haɗa su bututu ɗaya ya zama bakwai. Gidajen ƙira irin su Besson da Courtois da Couesnon suka cika duniya da shi, Jean-Baptiste Arban ya fitar da littafin koyon busa shi a 1864, wanda har yau ɗalibai ke fama da shi.

Na taɓa riƙe irin wannan tsohon korne a unguwarmu. Na wani ɗan mazan jiya ne. Da ya rasu ƴaƴansa suka same shi a ƙasan adaka, naɗe cikin tsohuwar rigar kaki. Ya yi baƙi-ƙirin, rubutun da ke jikin bakinsa ya goge, sunan Paris kaɗai ke karantuwa. Gajere ne, bai kai kamu guda ba, amma da za a warware naɗinsa zai kai kusan mita ɗaya da rabi. Muka kai wa wani tsohon maƙerin fari da ya gaji gyaran kayan busa wurin ubansa. Ya juya shi, ya sake juyawa, ya matsa hasken ƙofa, ya goge bayan bakin da toka, sai ga wani zare mai ɗan haske, mai haƙora-haƙora, ya tafi tun daga leɓe har wuya.

"Ka gani, ɗana? Ɗinki ne. Su ma faranti sunka yanka, kamar mu."

Gaskiyarsa. Haka ake yin bakin tsohon korne. Tagulla ce, wajen kashi 70 jan ƙarfe, 30 tutiya. A yanka faranti, a tsaga haƙora a gefe, a naɗe a cusa haƙoran cikin juna, a liƙe da wata tagullar mai saurin narkewa, a daka ɗinkin bisa dungun ƙarfe har ya yi daidai da sauran jiki. Sannan a ɗora a injin juyi a danna shi ya kwanta bisa dungun, a naɗe leɓen a kan waya don ya yi ƙarfi. Tsohon ya bi lanƙwasar bayan da yatsa, wadda ta yi kan sandar makiyayi, ya ce ba a lanƙwasa bututu haka da ciki fanko, sai an cika shi da wani abu, in ba haka ba ya karye wuya. Nan ma ya canka. Dalma ko ƙaro suke narkawa su ɗura, in ta daskare su lanƙwasa, sannan su narkar da ita ta fita. Ya nuna mini wasu ɗigo-ɗigo masu ruwan hoda a kan bututun da ke kusa da baki, ya ce daga ciki ciwon ya fito. Yawu ne ya cinye tutiyar ya bar jan ƙarfe buhu-buhu. Wannan bai dame shi ba, ya ce faci ne.

Daga nan ya kwance murfin fistin na farko ya zaro shi. Ɗan dunƙule ne mai tsawon yatsa, an shafe shi da farin ƙarfe mai santsi, hanyoyi uku sun ratsa shi a karkace, kowacce ɗan lanƙwasasshen bututu ce da aka liƙa daga ciki. Ga sifirin, ga ɗan ƙyallen ulu da ya ruɓe. Shafen ya cinye ta gefe ɗaya, tagulla ta leƙo. Ya mayar da shi gidansa, ya girgiza a kusa da kunne, muka ji ƙwas-ƙwas.

"Wanga ba aikin masaba ba ne. Lotsawa in fidda maka, ɗinki in liƙe maka. Amma nan sai wanda ya yi shi."

Na ce, "Baba, ko a naɗa masa zare?"

Ya yi dariya ya ce, "Zare? Iska ta fi ka wayo, ɗana."

Tazarar da ke tsakanin fistin da gidansa ba ta kai kaurin gashi guda ba. Dole ya sauka ya tashi da sauri ba tare da ya maƙale ba, kuma dole iska ta kasa samun hanyar gefe. In ya cinye, maganinsa a sake shafa masa ƙarfe da lantarki, a goge shi da garin dutse mai laushi cikin gidansa har su sake sabawa. Babu zuga-zugi ko magagarin da zai yi wannan. A nan bututun biyu suka rabu hanya. Ilimin kakaki gaba ɗaya yana shiga kan mutum guda, da kayan aikin da za su shiga taiki ɗaya. Korne ɗan masana'anta ne, mai yin baki daban, mai jan bututu daban, mai fistin daban, mai zane daban, kuma ya zo mana ne ba tare da masana'antarsa ba. Kowane sifirin sai an aiko da shi daga Faransa. Da aka karya darajar sefa a watan Janairun 1994, farashin duk abin da ke zuwa daga can ya ninka, to wa zai sa kuɗin sifirin gaba da kuɗin hatsi?

Ko a can gidansu ma korne ya sha kaye. Bututunsa na buɗewa a hankali kusan tun daga farko, shi ya sa muryarsa ke da taushi da zagaye. Turumfet kuwa yawancin bututunsa faɗi ɗaya ne, muryarsa kaifi gare ta, tana keta taro. Louis Armstrong da korne ya fara a New Orleans, amma a tsakiyar shekarun 1920 ya koma turumfet, duniya ta bi shi. Lokacin da ya zo Akra a 1956, E. T. Mensah da ya tarbe shi turumfet ne a hannunsa, haka Victor Olaiya a Ikko. Su ne muryoyin tagullar da suka iso zaurukan Maraɗi ta rediyo da faifan garmaho. Ƴan badujalar garuruwan ma'aikata na Ingila ne suka riƙe korne har yau. A wurinmu kuwa jita ce ta fara cin kasuwar, sannan fiyano mai lantarki ta gama da kowa. Tun da finafinan Kano suka bunƙasa a ƙarshen shekarun 1990, yaro ɗaya a ɗakin ɗaukar murya na danna maɓalli ya fitar da abin da ya yi kama da algaita, ya danna wani ya fitar da turumfet, lasifika ta kai shi ƙarshen unguwa. Badujalar soja na nan, tana fitowa a bukukuwan ƙasa na 3 ga Agusta da 18 ga Disamba, kamar yadda aka gani a bikin Maraɗi Kwalliya a 2015. Amma kayan busa masu araha a kasuwar duniya yanzu yawanci Sin da Indiya ke yin su, kuma irin waɗanda in sun lalace ba a tunanin gyara ne.

Kakaki bai sha wannan kayen ba, domin ba shi da kishiya. Babu sarkin da zai yarda a kunna masa kaset a madadinsa. Sarautar ma ƙara girma ta yi a takarda, tun da a 2010 gwamnati ta ɗaga Katsinar Maraɗi da Gobir zuwa matsayin sultan. Masu busa na nan, gado ne, ko da yake wa'azi ya sa ƴaƴan wasunsu jin kunyar sana'ar. Inda igiyar ta yi siriri shi ne wurin maƙeri. Garwar kanta ta ɓace, jarkar roba ta maye gurbinta. Ƴaƴan maƙeran fari sun koma walda, suna ƙofofi da tagogi da gadaje, wasu na zuba tukwanen sanholo daga tarkacen mota. A Jiratawa, tun da aka shimfiɗa filin noman rani a farkon shekarun 1980, mai iya ƙarfe ba ya rasa famfo ko bututun ruwan da zai gyara. Masu ginin tukwane na garin su ma roba ta matsa musu, sai dai su suna da mai ceto, domin har yau ba a yi robar da ke sanyaya ruwa kamar randa ba. Ban ga laifin yaron da ya zaɓi walda ba. Ƙofa kullum ana nema, kakaki kuwa sai an shekara da shekaru kafin fada ta aiko.

A Yamai, cibiyar koyar da kiɗa mai sunan Alhaji Taya, wadda aka buɗe a 1989, ta tara kayan kiɗan gargajiya na ƙasar, kuma aiki ne mai kyau. Wanda ya tsaya gaban kakakin da aka rataye zai iya auna tsawonsa, ya ƙidaya gaɓoɓinsa, ya zana shi a takarda. Abin da ba zai gani ba shi ne wane ɗinki ake fara liƙewa, da yadda ake naɗa jiƙaƙƙen tsumma a kansa don kada zafin na biyu ya narkar da na farko, da launin da tagulla ke yi a inuwar rumfa wanda ke gaya wa maƙeri ya isa, cire ta. Da na tambayi tsohon maƙerin nan ko ya koya wa wani, cewa ya yi jikansa ya iya riƙe ƙarfen dalma, amma a allon salula yake aiki da shi.

Yau in kakaki ya tsage a gaɓa, ko bigila ta fara yoyo, wurin da hankali ke fara kaiwa shi ne rumfar masu gyaran lagireto a bakin tasha. Su ne suka rage da ke wuni da tagulla da dalma da sinadari, suna toshe ɗinki suna gwadawa cikin ruwa su ga ko kumfa za ta tashi. Ba su san taken kowane sarki ba, amma sun san yoyo, kuma aikinsu na riƙewa. Sai dai motocin da ke shigowa yanzu lagiretonsu sanholo ne da roba, wanda dalma ba ta kamawa. In ya fashe, ciro wani ake yi daga motar da ta mutu a ɗaura.